Kakata Na Da Ciki, In Ji Kwamfuta

Jama'a, ku taya ni murna ko ku yi min jaje, duk wanda ya fi muku sauƙi. Ranar Litinin na raka kakata ƙaramin asibitin unguwarmu karɓar maganin hawan jini, muka dawo gida hannu rabbana, sai albishir ɗin cewa tana da ciki wata biyar.

Kaka ta haura tamanin. Haƙoranta na gaba sun yi ritaya tun ina firamare. Kakana kuwa, Allah ya jiƙansa, ban taso na gan shi ba sai a hoton da ke rataye a ɗakinta, wanda tsufa ya cinye wa rabin fuska.

Mun yi sammako, mun bi layi, mun iso tagar mai ba da magani. Wani dogo ne mai sanyin murya, irin mutanen da ko zaginka suka yi sai ka ce na gode. Ya karɓi katin Kaka ya danna lambarta, ya duƙa kan kwamfuta, ya ɗago ya dube ta, ya sake duƙawa.

Ya ce, "Iya, ba zan iya ba ki maganin nan ba."

Na ce, "Ya ƙare ne?" Don wannan ce amsar da muka saba ji, har ta zama kamar 'yar gida.

"Akwai shi, ga shi can kwali-kwali. Amma ba a ba mai juna biyu, yana taɓa abin da ke cikin. Na'ura ta kulle shi."

Kaka ta juyo a hankali ta ƙare min kallo tun daga hula har takalmi. Ta ce, "To maigida, ka ji aikinka. Ka wani yi tsit kamar ba kai ba."

Tun ina rarrafe take ce min maigida, ni kuma in ce mata amarya, wasan jika da kaka. Masu jira a kan benci suka kwashe da dariya, wata mai goyo har da share hawaye da gefen mayafi. Ni dai ban yi ba. Ƙwayar ƙarshe ta shanye ta tun Asabar, kuma na ga yadda take dafe ƙeya tun a hanya. Wancan karon da ta yi fashin magani, mun wayi gari bakinta ya karkace, hannun hagu ya ƙi jin magana, sai da aka yi mako ana addu'a kafin ya dawo. Likita ya ja ni gefe a lokacin ya ce, wannan gargaɗi ne, na biyun ba ya sallama. Matar nan ita ta goya ni da mahaifiyata ta rasu. Duk wata kalma mai daɗi da na iya, a bakinta na fara jin ta. Ina tsaye a gaban tagar nan ina kallon kwalayen maganinta ta bayan gilashi, kamar mai kallon masoyiyarsa a cikin motar da ta riga ta tashi.

Bari in koma baya kaɗan, kada ku ce na zo ɓata wa tsohuwar mutane suna a jarida.

Bara waccan aka shigar da asibitinmu cikin wani abu da ake kira Haɗakar Bincike ta Ƙananan Asibitoci. Manufar, kamar yadda aka karanta mana ta lasifika, kyakkyawa ce, kuma wallahi a ranar sai da idona ya kawo ruwa. Duk wanda ya zo da ciwo za a shigar da shi kwamfuta, kwamfutocin asibitoci su riƙa tura bayanan ga wata uwar kwamfuta a babban birni, masana su zauna su duba su gano abin da ke kashe mu tun bai gama kashe mu ba. Na tsaya cikin rana ina hango ƙasa guda ta kara kunne a ƙirjin 'ya'yanta tana sauraren bugun zuciyarsu. Haka nake, abu kaɗan ke tafiya da ni.

Mai Girma Babban Mai Yanke Kirtani, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, shi ya zo da kansa. Motocin da suka rako shi sun fi gadajen asibitin yawa. Ya sanar cewa zamanin takarda ya wuce. Ya sa aka tattara takardun rubuta magani da hatiman likitoci aka zuba a akwati aka kulle, ya ɗaga biro sama ya karya shi gida biyu, aka yi ta tafi. Daga nan aka nemi majinyaci na farko da za a yi wa rajista, ido ya faɗa kan Kaka, wadda ciwon gwiwa ya kawo ba ta san ma ana biki ba. Tsohuwa ce mai kyan hoto. Mai Girma ya kama babban yatsanta da hannunsa mai albarka ya dangwala a kan na'urar ɗaukar zanen yatsa, masu hoto suka yi ta walƙiya, na'ura ta yi ƙara ta tofo mata kati mai lamba. Aka yi wa wasu 'yan tsirarun tsofaffi da ke bayanta, sai lokacin cin abinci ya yi.

Da ayarin zai tashi, motar ƙarshe ta tafi da na'urar, don gobe akwai ƙaddamarwa a wani asibitin, kuma ita kaɗai ce aka sayo. Aka ce za a dawo da ita nan ba da jimawa ba. Yaran da aka haifa a ranar yanzu suna gudu da ƙafafunsu.

To ga yadda abin yake. In ba ka da lamba, kwamfuta ba ta buɗe maka shafi. In ba shafi, likita ba shi da inda zai rubuta. In bai rubuta ba, magani ba ya fita. Ranar da wata uwa ta shigo a guje da yaro yana jijjiga, ba kati ba lamba, Malama mai rajista ta waiga hagu ta waiga dama, ta rage murya ta ce, "A layinku ba mai kati?" Aka ruga gidanmu. Yaron ya rayu, yana nan ya ishi kowa da ƙiriniya. Tun daga ranar katin Kaka bai sake kwana biyu a jere a gida ba. An rataye shi a ƙusa bayan ƙofar zaure, mai bukata ya yi sallama ya ɗauka.

Don haka a idon uwar kwamfuta, kakata ta yi ƙyanda, ta yi zawon fitar haƙori, ta karye a filin ƙwallo, ta faɗo daga babur tana tseren yamma, ta haɗiye murfin kwalba, ta yi ƙurajen samartaka a goshi. Waɗannan na ƙarshen nawa ne. Cikin kuwa na matar Yayana ne, wadda ke zuwa awo da katin tun watan da ta fara ƙin warin miya.

Daga tagar magani muka shiga wajen Likita. Mutumin kirki ne, shi kaɗai ne likitan asibitin, idanunsa kullum kamar an jiƙa su a ruwan barkono. Na zaunar da Kaka a gabansa na ce, "Likita, don Allah dubi baiwar Allah nan. Ta yi maka kama da mai ciki?"

Ya ce, "Ni da idona, a'a. Amma idona ba ya cikin haɗaka."

"To goge."

"Ba ni da iko. Abin da ya tafi uwar kwamfuta ya zama kayan bincike. Mai taɓa shi sai Kwamitin Tsare Amincin Bayanai."

"Yaushe suke zama?"

"In an saki alawus."

Na ce ya rubuta mana a takarda mu saya a waje. Ya buɗe aljihun teburinsa ya nuna min, ba komai ciki sai cokali da cajar waya. Ba takarda, ba hatimi, kuma an yi wa masu kemis kashedi kada su sayar da irin wannan magani sai da takardar da na'ura ta buga. Masu sayarwa ba takarda kuwa mun gwada su. Na ƙarshen da muka saya, yaran gidanmu sun yi makonni suna rubutu da shi a bango.

Likita ya auna jinin Kaka, ya dubi ma'aunin, ya sake aunawa a ɗaya hannun, bai faɗi abin da ya gani ba. Ya murza ido ya ce, "A na'urar nan, ciki hanya uku yake fita. Haihuwa, ɓari, ko rasuwa."

Na ce, "Rubuta ɓari."

"Zan iya. Amma daga na danna, awon matar yayanka ya tsaya. Ba maganin ƙarin jini, ba hoton ciki, ba gadon haihuwa, don na'ura ba ta ba wadda ta yi ɓari gado. Kuma ka san yadda ta sha wuya a na farko."

Na sani. Na farkon bai zo da rai ba.

Fanka na juyawa a kanmu tana kuka kamar ana bin ta bashin rai. Kaka ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, "Likita, bar min cikina. Na ɗauki tara ban zubar ba, ba a kan na goma zan fara ba." Ta dafa kafaɗata ta miƙe. "Tashi mu je, maigida. Ka samo min tsamiya a hanya, kwaɗayi nake ji."

Ta ba kowa dariya har muka fita. A bakin ƙofar asibiti ta tsaya ta riƙe bango, ta ce ƙasa ce ke ɗan lilo, ba komai.

Kafin mu kai gida labari ya riga mu. Tela maƙwabcinmu, wanda kunnensa ya fi kekensa aiki, ya leƙo da tef a wuya.

"Ango, barka da arziƙi. In kawo yadi ne a yi mata riga mai faɗi?"

"Tela, ba na cikin yanayin wasa."

"Wa ke wasa? Lissafi nake maka. In aka haihu, a takarda ɗan kakarka ne, ka ga baffanka ke nan. Kai za ka riƙa durƙusa masa kana canza masa kunzugu."

Na zayyana masa abin da Likita ya ce. Ya cire allura daga baki ya bar zolayar, don shi ma Kaka ce ta yi masa wankan farko tun yana tsumma. Can ya ce, "Amma dai in za su yi gogen, ka ce su bi a hankali. Basir ɗin da ke shafin nawa ne, saura min zuwa biyu."

Na ce, "Mutum na maganar rai kana maganar basir."

"Wanda bai zauna a keke da shi ba shi ke raba su," in ji Tela, ya koma ciki.

Ranar Laraba wata farar mota mai tambarin haɗaka ta tsaya a ƙofar gidanmu. Wata matashiya ta fito, da tabarau da jakar kwamfuta, ta ce ita mai bincike ce daga jami'a, tana neman mai lamba kaza. Na kai ta ɗakin Kaka, wadda ke kwance da jiƙaƙƙen tsumma a goshi. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta daɗe tana kallonta, sannan ta zauna a bakin gado kamar wadda aka zare wa laka.

Ta ce, "Na sani. Tun ranar da na ga mace ɗaya ta yi ƙyanda da ciwon gwiwar tsufa a mako guda na sani. Na rubuta a rahoto cewa mutane da yawa ne ke shiga da lamba ɗaya. Aka ce rahoton ya yi tsawo, aka cire shafin."

"To me ya kawo ki, Malama?"

"An aiko ni in gayyato ta. Gobe ne babban taron haɗaka na shekara, ana son a nuna ta." Ta sunkuyar da kai. "Mai Girma zai zo, kuma shi ne uban kwamitin da ke tsare bayanan. In ya ce a gyara, kafin ya rufe baki an gyara."

Na ce a raina, ai manya ma mutane ne, su ma kaka ta goya su. Na kwana ina tsara jawabin da zai sa dutse kuka.

Otal ɗin taron, jama'a, in aljanna na da ɗakin jira to haka yake. Sanyi har cikin ƙashi. Janareta uku na rurin ƙoshi a baya, alhali na asibitinmu ran nan sai da maigadi ya wuni a layin mai da jarka ya dawo da labari. An raba wa kowa jaka mai tambari, da hula mai tambari, da biro mai tambari. Biro fa, wanda aka karya a gabanmu. Kuma a bakin ƙofar zauren, cikin akwatin gilashi, a kan jar darduma, da fitila a kanta, ga na'urar ɗaukar zanen yatsa. Na tsaya a gabanta kamar na ga wata 'yar uwa da ta ɓata. Na tambayi mai gadinta ko za a iya kunna ta ko na rabin yini. Ya ce, "Kayan tarihi ne, Malam. Matsa baya, kana hura mata numfashi."

Aka zaunar da Kaka a layin gaba. A nan na gane ba mu kaɗai ba ne. Layin gaba ɗaya tsofaffi ne, kowane asibiti ya kawo nasa, waɗanda Mai Girma ya kama wa yatsa ranar ƙaddamarwa. Kowannensu na ɗauke da ciwon unguwa guda a kan lambarsa, suna ta gyangyaɗi cikin sanyi da sababbin huluna.

Wani Farfesa ya hau mumbari ya kunna majigi. Sakamako na farko, in ji shi, abin alfahari ne: tun da aka kafa haɗaka, yawan marasa lafiya ya faɗi warwas. Unguwar da a da dubbai ke cika asibiti, yanzu 'yan tsiraru ne kawai ke ciwo. Aka yi tafi har da tsayuwa. Mai Girma ya ɗaga hannu cikin tawali'u, kamar mai cewa ba ni ba ne, Allah ne.

Sakamako na biyu ya fi ɗaure kai: 'yan tsirarun nan duk tsofaffi ne, kuma babu abin da ba ya kama su. Zane ya nuna cewa haihuwa ta fi yawa tsakanin 'yan saba'in zuwa tamanin da biyar, haka ma karayar ƙwallo. Matasa kuwa, a cewar bayanai, sun daina ciwo, sun daina haihuwa, wataƙila ma sun daina wanzuwa, ana kan bincike. Saboda haka masana suka ba da shawara a karkatar da shirin tazarar haihuwa zuwa ga tsofaffi, a kuma raba musu kariyar ƙwauri kyauta. Aka sanar cewa an riga an ba da kwangilar kariyar ƙwaurin. Wani baƙo da ya zo daga ƙetare, daga wajen masu ba da tallafi, ya ce a duk yawonsa na duniya bai taɓa ganin bayanai masu ban sha'awa irin namu ba. Na yarda da shi.

Da aka zo tambayoyi na miƙe. Na ce, "Ranka ya daɗe, waccan da ke zaune kakata ce. Ba ta da ciki. Ba ta buga ƙwallo. Hawan jini gare ta, kuma yau kwananta biyar ba magani." Na faɗi labarin katin da ƙusar bayan ƙofa. Na yi maganar bayan da ya goya ni, da hannun da ya share min hawaye, da fitilar da ke neman mutuwa alhali ga mai a kusa. Wata mata a baya ta ce Allah sarki.

Mai Girma ya karɓi lasifika, ya ciro hankici ya dangwala a gefen ido. Ya ce, "Samari, ka taɓa min zuciya. Irinku muke nema a ƙasar nan." Ya ce zargin cewa jama'a na shiga da lamba ɗaya zargi ne mai nauyi, domin in ya tabbata to marasa lafiya ba su ragu ba ke nan, kuma kowa ya ga zane da idonsa cewa sun ragu. Duk da haka, don a nuna ana sauraren talaka, nan take ya kafa ƙaramin kwamiti da zai duba yiwuwar kiran babban kwamiti. Aka yi tafi. Sannan ya sauko da kansa ya miƙa wa Kaka kyautar girmamawa: gidan sauro, da bahon wankan jariri, da allo mai rubutun zinariya, Uwa Abar Koyi. Masu hoto suka yi walƙiya. Kaka ta karɓi bahon ta juya shi ta ƙwanƙwasa gindinsa, ta ce, "Mai kauri ne. Allah ya saka."

Na koma kujerata na zauna, duniya ta yi min zafi cikin wannan sanyi. Ina tunanin ko in fasa akwatin gilashin nan in ruga da na'urar, sai na ji ana hira ƙasa-ƙasa a gefena.

Tsohon da ke kusa da Kaka ne, wani mai farin gemu da faffaɗan ƙirji, hannayensa kamar faranti. Tsohon direban babbar mota ne, daga wani asibiti can ƙetaren gada. Tun ana jawabi na lura yana satar kallonta.

Ya ce, "Baiwar Allah, na ga kina dafe kai. Laulayi ne?"

Kaka ta ce, "Wata biyar. Kai fa?"

"Ni an yi min tiyatar haihuwa sau biyu. Na biyun tagwaye."

"Sannu. Ka ga jiki bai nuna ba."

"Ana ƙoƙari. Na yaye su da damina." Ya gyara zama ya matso. "Abin da yaron nan ya faɗa gaskiya ne? Maganin jini suka hana ki?"

"Jikana ne, ba ya ƙarya sai a rubutu."

Baba Direba ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro katinsa, wanda ya sha hannu har ya yi laushi kamar tsohon kuɗi. Ya ce, "Ni yanzu ba ni da komai, a sake nake. Jinina kuwa lafiya lau, shekara arba'in ina kan titi bai taɓa hawa ba sai in na ga shingen duba takardu. Karɓi ki je ki amshi maganinki da sunana."

Na ce, "Baba, ai asibitinku daban."

Mai binciken nan, wadda ke tsaye a bayanmu tana rarraba ruwa, ta sunkuyo ta ce a hankali, "Zai yi. Katin kowane asibiti yana buɗewa a kowane asibiti. A duk haɗakar, wannan ɓangaren ne kaɗai ke aiki." Ta miƙe ta ci gaba da rabon ruwanta.

Kaka ta karɓi katin da hannu biyu. Na rantse muku sai da ta sunkuyar da kai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, abin da ban taɓa gani ba tun da nake. Na karanta labaran soyayya da yawa, na ga inda aka ba da zobe, aka ba da fure, aka ba da gari sukutum. Ban taɓa ganin kyautar da ta kai wannan laushin katin ba. Ta ƙulle shi a bakin zane, ta harare ni ta ce, "Maigida, ka yi sake. Kai jawabi ka iya, ga wanda ya iya riƙon mace."

Na ce, "Amarya, a gabana?"

"A gabanka. Ɗauko min bahona."

Washegari da sassafe muna asibiti. Malama mai rajista ta karɓi katin, ta dubi sunan da ya fito, ta dubi Kaka, ta ce, "Baba, ina kwana, ya iyali?" Likita ya auna jinin ya rubuta a shafin tsohon direba ba tare da ya ɗaga kai ba. Dogon nan mai sanyin murya ya danna, na'ura ta yi ɗan tunani, ta buɗe. Ya miƙo kwalin ta taga ya ce, "Baba, ɗaya da safe bayan an karya. A rage gishiri, a rage doguwar tafiya." Kaka ta ɓalle ƙwaya ta haɗiye nan take a tsaye. Ni kuwa na juya na fuskanci bango ina karanta sanarwar wanke hannu, har sai da idona ya bushe.

Yau ƙasa ta daina yi mata lilo. Matar Yaya na nan na zuwa awonta, cikin na motsi, bahon na jiran mai shi. Uwar kwamfuta kuma ta samu sabon abin nazari, wato tsohon direban da hawan jini ya kama bayan yayen tagwaye, kuma ba na shakkar za a kira taro a kansa. Saboda haka ina miƙa godiya ga Mai Girma Babban Mai Yanke Kirtani, Allah ya ja zamanin almakashinsa. Ya yi alkawarin haɗa asibitoci su yi aiki tare, ga shi kuwa sun haɗu.

Ɗazu ina cikin rubutun nan wayar Kaka ta yi ƙara, ta sa a lasifika don kunnenta. Baba Direba ne. Bayan doguwar gaisuwar da ban ga dalilin tsawonta ba, ya yi gyaran murya ya ce in da hali mu koma gobe mu roƙi Likita ya rubuta mata na wata tara gaba ɗaya. Wai matar ƙaramin ɗansa ta fara amai da safe.